Ranar da Na Riƙe wa Gwaggo Ƙwarya

Saratu, Bulus, da kai Dauda auta, na san abin da kuka ji. Kun ji cewa mahaifinku ya koyar da addini a makarantar coci wata tara, sannan aka karɓe allin daga hannunsa domin ya kai 'ya'yan mutane bakin ruwa wurin tsafi. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, uwarku ta ba ku tarbiyya. Amma ina lura da yadda Bulus yake sauya hira idan baƙo ya ambaci makarantar. To ga ni na zauna da biro da ragowar littafin jikata. Rubutun kamar kaji sun yi dambe a kan yashi, ku karanta a hankali, ni ma a hankali na yi shi.

Ku fara sanin cewa ba ni na nemi aikin ba. Karatuna a aji uku ya tsaya, ranar da na ji labarin kifi karfasa ta cika fadama, na fita ta taga ban sake komawa ba. Sauran abin da na iya, a ajin manya na coci na koye shi, kuma gaskiyar magana na shiga ajin ne domin uwarku tana zama a layin gaba. Malamin addini na gaskiya wani saurayi ne mai takardu, ɗan wajen Zuru. Shekarar da aka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri, uwarsa ta aiko a ce masa ya dawo gida, ya tafi hutu bai dawo ba. Ba na ganin laifinsa. Aka yi wata biyu ajin ba kowa. Ran nan ina zaune gindin ɗorawa ina ɗinkin komar kamun kifi sai ga Fasto Iliya, wanda coci da makarantar duk suna hannunsa.

"Baba Ayuba, darasin addini ba shi da malami."

"Allah ya kawo wani, Fasto."

"Ya kawo. Ga shi nan yana ɗinkin koma."

Na waiga bayana in ga ko akwai wani mai komar. Ba kowa sai akuya. Da na kai maganar gida uwarku ta ajiye muciya ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Baban Saratu, kai da sai na karanta maka takardar maganinka?"

"Shi ya sa Allah ya ba ni ke."

Haka muka raba aikin. Da la'asar ta zauna ta karanta mini labarin daga Littafi, sau biyu, ni kuma da safe in je in zuba wa yara shi yadda ya zauna a kaina. A kaina kuwa komai a bakin ruwan nan yake zama, domin ban san wata duniya ba. Idan labari ya zo kan jirgi, to babban jirgin kasuwar Warra ne, da buhunan shinkafa da awaki da matar da ba ta yarda a taɓa mata kwano. Idan ya zo kan hadari a teku, to iskar bazara ce da take tasowa daga gabas ta kife mutum kafin ya gama kiran sunan uwarsa. Mai karɓar haraji shi ne mai yankan tikiti a mashiga, har tafiyarsa nake kwaikwaya. Yara su yi ta dariya, amma ka tambaye su bayan sati uku, ba abin da suka manta. Fasto ya taɓa tsayawa a taga ya saurara, ya tafi yana girgiza kai yana murmushi. Daga ranar kaina ya kumbura. Ku riƙe wannan, domin kumburin kan shi ya kawo sauran.

Makarantar tamu ta coci ce, amma ita kaɗai ce a kusa, saboda haka kowa yana kawo nasa. Idan aka buga ƙararrawar addini, 'ya'yan Musulmi su fita wurin malaminsu gindin mangwaro, 'ya'yan Kirista su zauna. Saura 'ya'yan gidajen gargajiya. Su ba wanda ya yi musu tanadi, sai su zauna inda inuwa ta fi, wato ajina. A cikinsu akwai bakwai na gidan Gwaggo Kande. Kun san ta tsohuwa ce mai sanda, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ƙanwar mahaifina ce. Da mahaifiyata Inna ta rasu ina ɗan shekara bakwai, ita ta ɗauke ni, ita ta sa mini suna Ƙurungu, domin kifin nan ko an kama shi bakinsa ba ya yin shiru. Ni na shiga coci ina saurayi, ita ta tsaya kan hanyar iyayenta, ba ta taɓa zagin tawa ba. Shekaru baya ni na yi ta zarya gidanta har ta yarda jikokinta su shiga makaranta, kuma sharaɗi ɗaya ta ba ni: kada a koya musu raina gida. Na dafa ƙirji na ce na ɗauka. A cikin bakwai ɗin akwai Tani, 'yar aji biyar, wadda take gyara mini rubutu a allo ba tare da ta bari sauran sun lura ba. Kowa ya san yarinyar nan za ta yi nisa idan an bar ta.

Ana cikin zafin bazara muka zo kan labarin Nuhu. Na shirya masa sosai. Na loda dabbobi a jirgi kamar ranar kasuwa, na sa kura ta zauna kusa da akuya suna hararar juna, na sa matar Nuhu tana faɗa kan kashin giwa. Na gaya musu mutanen wancan zamani sun yi mugunta, sun juya wa Allah baya, shi ya sa ruwa ya cinye su. Sai wani yaro ya ce, Malam, ruwa yana iya cinye gari ɗungum? Na ji daɗin tambayar. Na ce ku leƙa ta taga. Na ce ruwan can da kuke gani, akwai gari a ƙarƙashinsa, kuma ni nan a cikinsa aka haife ni. Na ba su labarin Tsohon Gari kafin a datse kogi a Kainji, yadda ruwa ya riƙa hawa kullum kaɗan kaɗan, ya ci gonaki, ya ci rijiya, ya hau rumbuna, har ya rage sai kan tsamiya. Ban ce garin ya yi zunubi ba. Amma ban daɗe da cewa ruwa miyagu yake ci ba, kuma yara sun iya ɗinki fiye da ni. Tani ta ɗaga hannu.

"Malam, to su Kaka ne miyagun?"

Nan ne wurin da ya kamata in tsaya. Ina da baki, ina da lokaci. Amma na ga yaran duk sun zuba mini ido suna jiran abin dariya, ni kuwa ban taɓa iya barin dariya ta wuce ni ba. Na kanne ido ɗaya na ce:

"Je ki tambaye ta."

Ajin ya fashe. Tani ba ta yi dariya ba. Ta je ta tambaye ta.

Washegari benci biyu ba kowa. Na ce ko zazzaɓi ne. Kwana uku, ba su zo ba. Kun san al'adata, duk ranar da na fita su, kifin da ya fi kyau na Gwaggo ne, tun ina saurayi ban fasa ba. Na aika mata tarwaɗa mai kauri kamar cinyata. Kafin rana ta yi tsaka an dawo da ita a kwanon da ta tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Uwarku ta dubi kwanon ta dube ni.

"Me bakinka ya yi kuma?"

"Misali na yi wa yara."

"Tashi ka je. Sa hular kirki."

Na iske Gwaggo a bayan ɗaki tana juya kifi a kan banda. Na durƙusa na gaishe ta, ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara kuka. Da yarenmu Gunganci muka yi maganar, ni nake juya muku ita, tun da kun ƙi koyo.

"Ƙurungu, yarinya ta tambaye ni wane zunubi muka yi da ruwa ya ci garinmu. Na ce ban sani ba, malaminsu ne ya sani. To ga ka. Faɗa mini."

"Gwaggo, ba haka na ce ba. Misali ne."

"Misali." Ta juya kifi ɗaya. "Innarka tana cikin misalin?"

Ba ta jira amsata ba.

"Tana can bayan ɗakinta inda muka sa ta. Ruwa yana kanta shekara da shekaru. Ita wane ta yi? Ni na wanke ta, ban ga komai a jikinta ba sai kaushin niƙa a hannu."

Ina ba yara labarin garin nan kamar labarin wasu mutane, da tsamiya da rumbuna, ban tuna cewa Inna tana ciki ba. Ta ce 'ya'yan gidanta sun gama makaranta, Tani za ta koyi banda, ba wanda ya taɓa raina kakarsa don ya iya banda. Na roƙa, na ce zan gyara a aji. Ta ce abin da aka zuba a kunne talatin ba a kwashe shi da baki. Sai can da na miƙe zan tafi ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Ruwa yana ja bana fiye da kullum. Idan ya kai ƙarshen jansa unguwarmu tana fitowa. Ka kawo su su gani da idonsu. Dukansu, ba nawa kaɗai ba. Ni zan yi darasin."

Sati uku na yi ina jiran ruwa ya ja, ina koyarwa da benci biyu a wofi. A nan na yi laifi na biyu, kuma shi ma zan faɗa. Na je wurin Fasto na ce ina so in kai yara bakin ruwa su ga ikon Allah. Ya ce madalla. Ban ambaci Gwaggo ba. Uwarku ta ce mini, "Ka san fa ba ta zuwa can ba ƙwarya." Na ce na sani. Ashe duk shekarar da ruwa ya ja sosai Gwaggo tana zuwa, uwarku ma ta sani, ni kaɗai ne ban taɓa tambaya ba.

Da hantsi muka tashi, ranar Alhamis, yara wajen talatin a layi kamar 'yan agwagi, su Tani suna gefen kakarsu. Muka bi ta cikin laka da ta bushe ta tsattsage, muka wuce inda mutane suke dasa shinkafa a wurin da ruwa ya bari. Da muka zo inda ƙasa take da santsi sandar Gwaggo ta fara nutsewa, sai na duƙa na goye ta. Ba ta fi buhun dusa nauyi ba. Ta ce a kunnena, "A hankali, ni ban taɓa kayar da kai ba." Yara suka yi ta ƙyaƙyata, Malam ya zama jaki. Na bar su.

Ku da kun gani za ku ce ba komai a wurin. Laka, tsingaro, duwatsu a jere, kututture baƙi. Amma Gwaggo ta sauka ta fara nuni da sanda, garin ya tashi tsaye. Nan maƙera take, maƙerin gurgu ne, shi yake gyara wa zawarawa fartanya kyauta. Nan rijiya, nan wata mata ta faɗa da cikinta, maza huɗu suka shiga da igiya, ɗan da ta haifa kakan wannan ne, ta nuna wani yaro ɗan dattijon coci. Nan masaukin fatake Musulmi, gari ne ya gina musu wurin salla da hannunsa. Nan kuma gindin tsamiyar da malaminku ya faɗo yana satar tsamiyar mutane, ku duba bayan kunnensa tabon yana nan. Suka zo suka duba ɗaya bayan ɗaya. Tani ta tambaye ta, to me ya kawo ruwan? Gwaggo ta ce wasu mutane ne suka zo da sanduna masu jan fenti suka kakkafa, suka ce ruwa zai kai nan, za a yi wutar lantarki. Aka kawo motoci aka kwashe mu zuwa gidajen siminti masu zafi kamar tanda. Ta ce wannan ruwa da takarda ya zo, har da ranar zuwansa.

Sai na ce yara su tsaya. Na cire hula. Na ce labarin Nuhu yana nan yadda yake a Littafi, ba na cire masa komai. Amma ni na ɗauko garin nan na cusa a ciki domin labarina ya yi daɗi, kuma da Tani ta tambaye ni na zaɓi ku yi dariya. Mutanen nan ba miyagu ba ne. Malaminku ne mai dogon baki. Ba wanda ya yi dariya, abin ya ba ni haushi kaɗan.

Da a nan aka tsaya da har yau ina riƙe da alli. Amma Gwaggo ta ci gaba da tafiya zuwa wani dutsen niƙa da ya nutse rabi a laka. Ta ce nan ne bayan ɗakin Inna. Ta kwance ƙullin zanenta ta fito da 'yar ƙwarya da garin gero, Tani ta zuba mata ruwa daga gora, ta dama. Ta durƙusa da ƙyar. Da ta ɗaga ƙwaryar hannunta ya kama rawa, farau-faraun yana zuba a zanenta, yana zuba a gwiwarta, ba ya kaiwa inda take so. Ta sake gwadawa, ya sake zuba. Ba ta kira kowa ba, ba halinta ba ne. Ni ina tsaye, idon yara talatin a bayana, a cikinsu har da jikokin dattawan coci uku. Kada wani ya ce muku ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai, na ma ga fuskar Fasto a raina. Na kuma ga hannun da ya yi mini wanka ina yaro yana neman kifar da 'yar ƙwarya. Na durƙusa na sa hannuna biyu a ƙarƙashin nata. Ita ta karkata, ni na riƙe.

"Ga ɗanki na kawo miki," in ji ta. "Ya tsufa, bakin bai tsufa ba. Amma ya goyo ni."

Abin da ta faɗa ke nan, ba ƙari. Ni ma a zuciyata na yi tawa addu'ar, ga wanda na saba yi wa. Sannan ta sa hannu a cikin kwarmin dutsen ta tono ɗan dutsen da ake murzawa da shi, ta goge lakar da zanenta ta miƙa mini. Ta ce uwar dutsen ta zauna da mai ita, wannan ka tafi da shi, ƙafata ba za ta sake kawo ni ba.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Ran Asabar aka kira ni gaban dattawa. Fasto Iliya bai ɗaga murya ba, idonsa ma a ƙasa yake.

"Baba Ayuba, ka riƙe ƙwaryar?"

"Na riƙe."

"Kai ka zuba?"

"Ita ta zuba. Amma kada in ɓoye a bayan tsohuwa, Fasto. Da ban riƙe ba da bai zubu ba."

"Kuma ba ka gaya mini za ta je ba."

"Wannan laifina ne, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe."

Ya ce hanya ɗaya ce. Gobe Lahadi in tashi gaban jama'a in ce riƙe ƙwaryar kuskure ne, na tuba, shi ke nan Litinin in koma aji. Ya ce yara sun gani, kuma malamin addini hannunsa ma darasi ne. Ban ce ya yi ƙarya ba, har yau ban ce ba. Kiwo aka ba shi, dole ya duba garkensa. Na san duk abin da aka faɗa a coci da safe, kafin azahar yana gidan Gwaggo. Idan na ce na tuba da riƙe mata hannu, to na sake gaya wa Tani cewa su Kaka ne miyagun, wannan karon a gaban gari. Na ce zan tashi in faɗi laifina na aji, da na ɓoye wa Fasto magana. Na ƙwarya kuwa ba zan iya ba, domin in aka mayar da ni wurin zan sake riƙewa.

Na ajiye allin a kan tebur. Guntu ne ma. Aka sa ni bencin baya wata uku, uwarku ta bar layin gaba ta dawo ta zauna kusa da ni, tana mintsinina idan na fara gyangyaɗi. Ba zan yi muku ƙarya in ce bai yi mini zafi ba. Bencin baya ba komai ba ne, akwai iska. Abin da ya ci ni shi ne ƙararrawa. Ina gindin ɗorawa da koma, in ji an buga ta addini, labari ya taso mini har maƙogwaro, ba wanda zan ba sai akuya. Har yau idan uwarku tana karatu da la'asar sai in kama kaina ina shirya yadda zan faɗa wa yara.

Litinin ɗin da ban koma ba, bakwai ɗin suka koma. Na gan su sun wuce a layi, Tani a gaba, ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Malam." Ran nan na fita su, ban samu abin kirki ba sai 'yar karfasa kamar tafin hannu. Na aika wa Gwaggo. Kwanon ya dawo a wanke, da saƙo: a gaya wa Ƙurungu in ba zai iya kama kifi ba ya koma koyarwa.

Damina biyu Gwaggo ta ƙara a duniya. Ruwa bai sake ja har unguwarmu ba tun daga shekarar. Tani tana sakandare a Yelwa, idan ta zo hutu ita take duba mini wannan rubutun, ta gyara ba ta bari in lura ba, ina lura.

To idan baƙo ya sake ambatar makarantar, Bulus, kada ka sauya hira. Ka ce masa ƙwarai, ya riƙe, da hannu biyu. Kuma dutsen nan mai sulɓi da kuke tokare ƙofar kicin da shi, wanda Dauda yake fasa goruba a kai, na kakarku Inna ne. Ku dubi gefensa, akwai wurin da ya lotsa daidai yatsu huɗu. Ku ɗauke shi daga ƙasa.